Katin Ya San Rukunin Jini, Bai San Hawan Jini Ba

Duk wanda ya ciro lasisin tuƙi na Nijeriya daga aljihu ya dube shi da kyau zai ga cewa ɗan ƙaramin katin ya san abubuwa da dama game da mai shi. Yana ɗauke da sunansa da ranar haihuwarsa da adireshinsa, da tsayinsa, da ajin abin hawan da aka yarje masa ya tuƙa. Har rukunin jininsa an rubuta, domin idan tsautsayi ya auku aka kwashe shi zuwa asibiti a sume, ma'aikata su san irin jinin da za su nema. Wannan tanadi ne na bayan haɗari. Abin da kan rigayi haɗarin, wato ƙarfin da jinin ke dukan jijiyoyi da shi da halin da zuciyar da ke tura shi take ciki, ba shi da gurbi a jikin katin.

Ga ɗan shekara talatin, wannan giɓi bai cika zama abin damuwa ba. Ga mutumin da ya haura sittin, wanda likita ya riga ya shaida masa cewa zuciyarsa ta kumbura, ranar ƙarewar lasisi rana ce mai nauyi. A garuruwa irin su Ikara da Maƙarfi da Kudan, inda sitiyari ke ciyar da gidaje masu yawa, nauyin yakan faɗa wa 'ya'yan da suka yi karatu, domin su ake miƙa wa tsohon katin a ce su cike fom a intanet.

Hannu uku, kati ɗaya

An kafa hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, FRSC, a watan Fabrairun 1988, Farfesa Wole Soyinka ne shugabanta na farko, kuma dokar da take aiki da ita yanzu ta 2007 ce. Lasisin tuƙi yana bi ta hannu uku. Hukumar tara haraji ta jiha ke karɓar kuɗi, jami'an duba ababen hawa da aka fi sani da VIO ke tabbatar da cewa mutum ya iya tuƙi, ita kuwa FRSC ta ɗauki hoto da zanen yatsu ta buga katin. Mai sabuntawa yana da zaɓi tsakanin na shekara uku da na shekara biyar, kuma tun daga watan Yunin 2025 kuɗin hukuma na mota ya koma naira 15,000 da naira 21,000. Kafin katin ya fito akan ba shi takardar wucin gadi ta kwana 60. Wanda ke neman lasisin haya kuwa, tsari ya tanadi ya kawo takardar shaidar lafiya daga asibitin gwamnati.

An gina wannan tsari ne musamman don magance matsala ɗaya, wato mutum ɗaya ya mallaki lasisi uku da sunaye daban-daban, ko wanda bai taɓa riƙe sitiyari ba ya sayi kati a bayan fage. Kwamfuta na iya gane yatsan da ta taɓa gani. Ba ta iya jin numfashin dattijon da ya hau matakala huɗu ya tsaya yana haki. Takardar lafiyar ma, inda aka neme ta, darajarta na ga gwajin da aka yi kafin a sa mata hannu, kuma kowa ya san akwai 'yan kamasho da ke kawo ta a shirye cikin ambulan.

Ƙasar rake da tumatir

Waɗannan ƙananan hukumomi uku na arewacin jihar Kaduna ƙasar noma ce. Maƙarfi da Kudan sun yi suna da rake da mazarƙwaila, Ikara da tumatir, har aka kafa mata masana'antar sarrafa shi. Kusan duk abin da gona ta bayar a mota yake fita, ko ya bi ta Tashar Yari ya hau babban titin Zariya zuwa Kano, ko ya sauko ta Hunƙuyi, hedikwatar Kudan, ya nufi Zariya. Ranar Laraba, da kasuwar Maƙarfi ke ci, akori-kura da bas da ƙananan motoci kan cika hanya tun kafin hantsi.

Da yawa daga cikin masu riƙe da waɗannan motoci furfura ta gama cin gemunsu. Direban haya ba shi da fansho, ba shi da garatuti, kuma ranar da bai yi lodi ba ranar ce cefane ke tsayawa. Akwai kuma wani rukuni da ba a cika lissafa shi ba: malamin makaranta ko ma'aikacin ƙaramar hukuma da ya yi ritaya, ya mai da ƙaramar motarsa ta kabu-kabu don ya haɗa da ɗan abin da ake biyansa. A takarda lasisinsa na ajin B ne, na mota mai zaman kanta. A kan titi kuwa mutum shida yake ɗauka.

Wani dattijo a ɗaya daga cikin ƙauyukan Maƙarfi ya shafe fiye da shekara arba'in a wannan sana'a. Ya fara da yaron mota, ya ja akori-kura cike da rake, daga baya ya mallaki bas tasa. Yana alfahari da cewa bai taɓa kashe ko kaza a kan hanya ba, kuma abokan aikinsa sun shaide shi a kan haka. Shekaru da dama da suka wuce an taɓa gaya masa jininsa ya hau, ya sha magani na wata biyu, da ciwon kai ya tafi ya ajiye. Yana ɗan shekara 68 takalmansa suka fara matse shi da yamma, kwanciya ta gagara sai ya jera matashi uku, tafiya daga gida zuwa masallaci ta koma sai da hutu. Daga babban asibitin garin aka tura shi asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika. Hoton zuciya ya nuna cewa a kowane bugu zuciyarsa na fitar da kashi 35 cikin 100 na jinin da ke cikin babban ɗakinta na hagu, alhali lafiyayyiyar zuciya kan fitar da kashi 50 zuwa 70.

Wata huɗu bayan haka lasisinsa ya ƙare. Ya miƙa wa 'yarsa, ma'aikaciyar jinya, wadda yake kira Uwata saboda sunan mahaifiyarsa ta ci, ya ce: "Uwata, ki ba yaron nan mai kwamfuta ya yi mini na shekara biyar, kada in riƙa wahalar zuwa Zariya." Ta karɓi katin da hannu biyu, ta ce: "To Baba, amma ka yi haƙuri mu fara komawa wurin likita."

Abin da zuciya ke yi a bayan sitiyari

Labarinsa shi ne labarin ciwon zuciya da aka fi gani a wannan yanki na duniya. A Turai da Amurka toshewar jijiyoyin zuciya ce kan gaba. A nan hawan jinin da aka yi sakaci da shi ne. Wani babban bincike da aka wallafa a 2012, wanda ya bi marasa lafiya 1,006 da aka kwantar saboda gazawar zuciya a ƙasashe tara na Afirka kudu da Sahara, har da Nijeriya, ya gano cewa hawan jini ne sanadi a kusan kashi 45 cikin 100, kuma matsakaicin shekarunsu 52 ne kacal. Ƙiyasi ya nuna cewa kimanin kashi ɗaya cikin uku na manyan Nijeriya na da hawan jini, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan rabin masu shi a duniya ba su san suna da shi ba. Zuciyar da ta yi shekaru tana tura jini ta cikin jijiyoyin da suka matse takan yi kauri, sannan ta buɗe, sannan ta saki.

Haki da kumburin ƙafa suna zuwa a hankali, suna ba direba damar ya gangara gefen hanya. Abin tsoro shi ne wanda ba ya sallama. Zuciyar da ta raunana tana iya rikicewa a bugunta farat ɗaya, jini ya yanke wa ƙwaƙwalwa, mutum ya sume cikin 'yan daƙiƙoƙi. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a kowace daƙiƙa. Suman daƙiƙa biyar na nufin mota ta yi tafiyar mita 140 ba mai tuƙi, wato fiye da tsawon filin ƙwallo.

Maganin ma yana da nasa sharaɗin. Ƙwayoyin da ke sa fitsari don rage ruwan jiki, da masu sassauta jijiyoyi, kan iya saukar da jini fiye da kima, musamman a zafin Maris da Afrilu ko a cikin azumi, mutum ya miƙe ya ga duhu-duhu. Magungunan ciwon jiki irin su diclofenac da ibuprofen, waɗanda direbobi ke saya a teburin tasha don ciwon baya, suna riƙe gishiri da ruwa a jiki, su tayar da ciwon da aka samu ya lafa. Haka ma yawan gishiri da ɗanɗanon miya da kanwa.

Lissafin 'yan Kanada

Idan za a hana duk mai ciwon zuciya tuƙi, za a zalunci dubban mutanen da haɗarinsu kaɗan ne. Idan za a ƙyale kowa, za a zalunci fasinja da mai tallar gyaɗa a bakin titi. A 1992 ƙungiyar likitocin zuciya ta Kanada ta fitar da wani lissafi mai sauƙi don raba wannan gardama, wanda har yau ake kafa hujja da shi. Ya ce haɗarin da direba mara lafiya ke jawo wa wasu ya ta'allaƙa ne ga abubuwa huɗu da ake ninkawa da juna: yawan lokacin da yake yi a kan sitiyari, irin motar da yake ja, yiwuwar ya sume farat ɗaya a cikin shekara, da yiwuwar suman ya kashe ko ya raunata wani.

Sun ɗauki direban babbar mota da ke tuƙi kashi ɗaya cikin huɗu na lokacinsa, wato kamar awa shida a kullum, wanda yiwuwar sumansa a shekara kashi 1 cikin 100 ne, suka ƙiyasta cewa kashi 2 cikin 100 na irin wannan suma ke cutar da wani. Amsar ta fito ɗaya cikin 20,000 a shekara, suka ce wannan shi ne iyakar abin da al'umma ta saba jurewa. Da suka sa mai ƙaramar mota da ke tuƙin kamar awa ɗaya a rana cikin lissafin, sai aka ga ko da yiwuwar sumansa ta kai kashi 22 cikin 100, haɗarinsa ga wasu bai wuce wancan ma'auni ba.

Ma'anar ita ce zuciya ɗaya, a ƙirjin mutum ɗaya, tana iya cin jarrabawar tuƙa iyali zuwa gona ta faɗi ta ɗaukar fasinja zuwa Kano. A nan ne tsohon malamin da ke kabu-kabu da lasisin ajin B ya faɗa tsakanin layuka biyu. Ga kuma wani abin lura. An ɗauko adadin kashi 2 cikin 100 ne daga titunan da ke da shinge da motar ɗaukar marasa lafiya a kusa. Titin da ya ratsa tsakiyar kasuwa, ga babura ga yara ga dabbobi, hankali ma ya san ba zai yi wannan rangwame ba.

Ma'aunin Ingila da darasin Gilasgo

A Birtaniya lasisin ƙaramar mota na ƙarewa ne idan mutum ya cika shekara 70, daga nan ya riƙa sabuntawa duk shekara uku, yana bayyana halin lafiyarsa da kansa. Direban bas da na babbar mota kuwa likita ke duba shi daga shekara 45, duk bayan shekara biyar, sannan duk shekara daga 65. Hukumarsu ta lasisi, DVLA, ta rubuta wa likitoci ƙa'idoji dalla-dalla. Bayan bugun zuciya, mai ƙaramar mota zai dakata mako ɗaya idan an yi nasarar buɗe masa jijiyar da ta toshe, in ba haka ba mako huɗu, direban bas kuwa aƙalla mako shida tare da gwajin motsa jiki. Wanda aka dasa wa na'urar da ke girgiza zuciya da lantarki idan ta rikice ya yi ban kwana da tuƙin bas har abada. Haka nan direban bas da jininsa ke tsayawa a 180 ko sama a lambar farko, ko 100 ko sama a ta biyu, sai ya ajiye har a shawo kansa. Mai gazawar zuciya da ke fitar da ƙasa da kashi 40 cikin 100 ba ya samun lasisin bas. Ɓoye irin wannan ciwo na iya jawo tarar fam 1,000.

Duk da wannan tsari, ranar 22 ga Disambar 2014 direban wata motar kwasar shara ya sume a tsakiyar birnin Gilasgo, motar ta hau kan masu sayayyar Kirsimeti, mutum shida suka mutu, 15 suka jikkata. Binciken da aka yi a 2015 ya gano cewa ya taɓa suma a kujerar bas a 2010, ya ɓoye wa hukuma da masu ɗaukarsa aiki. Ƙasar da ke da likitoci da kundin bayanai ta kasa tare mutumin da ya ƙudurta yin shiru don tsoron rasa abincinsa. Direban Ikara da ba shi da albashin jinya ko na kwana ɗaya ya fi shi dalilin yin shirun.

Hukuncin da aka yanke a zaure

Likitan dattijon bai yi masa kwana-kwana ba. Ya ce: "Baba, ƙaramar motarka za ka iya tuƙawa a cikin gari da zuwa gona, da rana, muddin kana shan magani kuma ba ka jin jiri. Amma bas cike da mutane, ban ba ka shawara ba." Ya rage masa ƙwayar fitsari saboda duhu-duhun da ya ce yana gani idan ya tashi daga tabarma, ya ce ya dawo duk wata uku.

Dattijon ya ce wa 'ya'yansa ajali ba ya jiran takardar likita, kuma lafiyayyun samari nawa ya gani sun kife da mota saboda ganganci. A nan yana da gaskiya. Alƙaluman FRSC sun nuna fiye da mutum 5,000 ne suka mutu a titunan Nijeriya a 2023, haka ma a 2024, kuma gudun wuce kima ne babban sanadi. Tsohon direba mai haƙuri ya fi yaro mai zafin totur aminci a mafi yawan ranaku. Sai dai ƙwarewa tana aiki ne idan mai ita yana farke. Abin da ya karya masa gwiwa daga ƙarshe maganar ƙaninsa ce, wanda ya tuna masa cewa ko kisan kuskure shari'a ta ɗora masa diyya da kaffara, balle wanda aka gargaɗi mutum a kansa tun da wuri.

An sabunta masa lasisin ƙaramar mota, na shekara uku. Bas ta koma hannun ɗan ƙaninsa, yana kawo balas kullum, wani lokacin cikakke wani lokacin da uzuri. Abin da ke shigowa gidan ya ragu, 'ya'yan da ke aiki a Kaduna da Kano suka raba kuɗin magani a tsakaninsu. Ya yi makonni yana amsa gaisuwar 'yarsa a taƙaice. Shugabannin tasha sun ba shi kujera a rumfar yankan tikiti, inda yake sulhunta rigimar layi, yana kuma bin motarsa da kallo duk lokacin da yaron ya saka giya da ƙarfi.

Inda gyara zai iya farawa

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, amma mutum ba zai buɗe ba sai ya tabbata ba za a kore shi daga rafin ba. Duk tsarin da ya ce wa direba faɗin gaskiya daidai yake da yunwa, ƙarya zai girba. Don haka matakin farko shi ne a bambance tsakanin dakatarwa da haramtawa. Mafi yawan direbobin da za a samu da matsala hawan jini ne kawai ke damunsu, wanda magani mai sauƙin kuɗi ke saukarwa cikin makonni, su koma bakin aikinsu.

Na'urar awon jini ba ta kai kuɗin tayar bas ɗaya ba. Ƙungiyar direbobi ta NURTW, wadda ke karɓar kuɗin tikiti a kowace tasha kullum, tana iya ajiye ɗaya a ofishinta, ta ware wani abu daga asusunta don membobin da likita ya dakatar, ta kuma mai da ba tsofaffinta aikin cikin tasha ƙa'ida maimakon alfarma. Maƙarfi na da kwalejin horar da ma'aikatan lafiya mai ɗauke da sunan marigayi Sarkin Zazzau Shehu Idris, kuma ɗalibanta na buƙatar hannayen da za su koyi awo a kansu, ga shi kowace Laraba direbobin yankin na taruwa a wuri ɗaya. Likitoci kuma su saba da tambayar mai ciwon zuciya sana'arsa, su rubuta shawarar tuƙi a katinsa kamar yadda suke rubuta magani.

Kafin a kai ga wannan, shingen bincike na gaskiya yana cikin gida. Ɗa ko 'yar da aka ba tsohon kati na iya yin tambayoyi huɗu kafin biyan kuɗi: ko mahaifin ya taɓa suma ko ganin duhu ba dalili, ko yana jin nauyi a ƙirji ko haki yana zaune, yaushe aka auna jininsa kuma nawa aka samu, sannan mutum nawa yake ɗauka kuma awa nawa yake yi a hanya. Idan amsa ɗaya ta tayar da hankali, a fara da asibiti. Idan kuma likita ya amince, na shekara uku ya fi dacewa da na biyar, domin bambancin naira 6,000 ne, kuma yana tilasta wa iyalin su sake zama su yi wannan magana tun zuciyar ba ta yanke hukuncin da kanta a kan titi ba.